Yadda Ake Hawa Jirgin Ƙasan Da Ke Bi Ta Sama A Legas

A rumfarmu da ke Babbar Kasuwar Katsina, duk wanda zai tafi Ikko sarin kaya yakan biyo mu yi sallama, a ba shi saƙo, a yi masa addu'ar sauka lafiya. To a 'yan shekarun nan akwai tambayar da ba ta ƙarewa: "Wai jirgin nan da ke bi ta saman kawunan mutane, ta ina ake hawansa?" Wasu sun hango shi daga cikin danfo, wato ƙananan motocin hayar Legas, suna jiƙe sharkaf da gumi a gosulo, ya wuce su fuu kamar iska. Sun ga tashar Marina tsaye kan ginshiƙai, gini gari guda, amma ba su taɓa kusantar ƙofarta ba, don a zatonsu wurin na ma'aikatan banki ne masu kwat. Wannan zato yana ci mini rai. Mutum ya kwana ya wuni a mota, ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000, sannan ya ƙarar da ɗan sauran ƙarfinsa a cunkoso, alhali ga abin da zai raba shi da wahalar nan a saman kansa, kuma kuɗin aljihunsa sun isa. Abin da ya hana shi ɗaya ne, babu wanda ya taɓa kama hannunsa ya nuna masa. Shi zan yi a nan, daga bakin titi har ka sauka.

Mataki na farko: ka san layin kafin ka je

Sunansa Shuɗin Layi, a allunan tasha za ka ga an rubuta Blue Line. Hukumar sufuri ta jihar Legas, LAMATA, ita ce mai shi, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina shi, wato kamfanin da ya gina Jami'ar Sufuri ta Daura. Maganar jirgin cikin gari a Legas tsohuwa ce, tun zamanin Gwamna Lateef Jakande a 1983 aka ɗauko ta, aikin ya tsaya a 1985. Wannan layin kuma an fara shi zamanin Gwamna Fashola, ya ɗauki shekaru sama da goma, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Janairun 2023, aka fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumban shekarar.

Kashin farko kilomita 13 ne, tashoshi biyar. Ka haddace su a jere kamar yadda ka haddace garuruwan hanyar Kano: Marina, National Theatre, Iganmu, Alaba, Mile 2. Biyun farko a sama suke, jirgin kansa kan gada yake tsayawa. Sauran ukun kuma dogon yana ƙasa, a tsakiyar babban titin Legas zuwa Badagry, amma zauren tashar yana sama, saboda haka sai ka hau gadar masu ƙafa, ka shiga zauren, sannan ka sauko wurin jirgi. Ko ta ina ka ɓullo dai, hawa bene ba makawa.

A nan zan tsaya in ja kunne sosai. Tashar da aka rubuta wa Alaba ba ita ce Alabar da muka sani ba. Unguwar Suru Alaba ce. Babbar kasuwar Alaba ta kayan lantarki, da Alaba Rago da mutanenmu suka saba da ita, can gaba suke a yankin Ojo, nesa da ƙarshen layin. Na taɓa aiken yaron shagona ya sayo batir da faifan sola, ya ga Alaba a allo, ya yi murna ya sauka. Ya kira ni muryarsa na rawa: "Yallaɓai, na sauka amma ban ga kasuwar ba, ko an tashe ta ne?" Ga kuɗin mutane a jikinsa, ga wuri bai sani ba. Sai da na ce ya koma sama, ya sake shiga jirgi ya ƙarasa Mile 2, ya hau motar Okokomaiko. Idan can za ka, ko kasuwar Trade Fair, Mile 2 ce mahaɗarka. Ana kan aikin kashi na biyu da zai kai layin har Okokomaiko, ya zama kilomita 27 gaba ɗaya.

Kada kuma ka haɗa shi da Jan Layi, wanda ya fara jigila a watan Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, ya ratsa Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba. Idan motarku a Agege ta sauke ku, shi ne naka, daga Oyingbo sai ka nemi mota zuwa Tsibirin Legas, inda Marina take.

Mataki na biyu: shirin fita daga masauki

Jirgin nan na mutum ne, ba na kaya ba. Wannan ita ce maganar da 'yan kasuwarmu suka fi ƙin ji, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Ka hau shi da safe hannunka sake, ka je kasuwa da wuri, ka yi cinikinka a natse. Dilar atamfa, da bandir na shadda, da katan na takalma, waɗannan ɗan dako zai kai maka inda ake lodin motocin Arewa, a rubuta maka takarda. Ko da an bar ka ka shiga da jakar bakko cike taf, ka tuna za ka ɗaga ta a matakala, ka tura ta ta ƙofa mai faɗin mutum ɗaya, ka tsaya da ita a tarago cike da jama'a. Jakar goyo ko ta rataye ta ishe ka.

Sutura ma abin dubawa ce. Kaftani daidai gwiwa ko ɗan ƙasa da ita ya fi dacewa. Babbar riga ba laifi ba ce, amma sai ka san yadda za ka tattara ta, zan zo kan wannan. Mata su kula da bakin hijabi mai jan ƙasa da leɓen zani. Takalmi ya zama mai kama ƙafa, silifas ɗin da ya sha jiki har ya zama sumul ka bar shi a masauki, musamman da damina, don ruwan Legas ba ya sallama kuma tayil ɗin tasha idan ya jiƙe santsi gare shi. Wuƙar aljihu da aska, waɗanda da yawanmu ba ma rabuwa da su, su ma ka aje su. Idan jami'an tsaro suka ce a buɗe jaka, ka buɗe ba gardama.

Sai salla. A cikin tarago babu wurin shimfiɗa darduma, dakalin jira kuma ba wurin tsayuwar salla ba ne. Ka lissafa tafiyarka yadda ba za ta ci lokaci ba. Sauƙin abin shi ne tafiyar gajeriya ce, daga Mile 2 zuwa Marina minti 20 ne ko ƙasa da haka, tafiyar da a mota kan lashe awa biyu idan hanya ta cushe. Wanda ya yi Asuba ya fito zai tarar da 'yan kasuwa suna buɗe shaguna.

Mataki na uku: kati

Ba a biyan kwandasta, babu ma kwandastan da zai miƙo maka hannu. Da kati ake shiga, sunansa Cowry, wato wuri, irin kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi. Katin roba ne kamar na banki. Ana sayensa a teburin ma'aikata a cikin tasha, ko a manyan tashoshin BRT, wato dogayen bas-bas na gwamnatin jihar, kuma kati ɗayan yana aiki a jirgin ƙasa da BRT da jiragen ruwan gwamnatin jihar. Idan ka taɓa hawa BRT da shi, shi ne dai, ba sai ka sake saye ba.

Ka je wurin ma'aikacin da ke bayan tebur, ba wanda ya tare ka a bakin matakala yana cewa zai taimake ka ba. Ka faɗi tashar da za ka, ka tambayi kuɗin zuwa da dawowa, ka sa a zuba maka abin da ya ɗara hakan kaɗan. Lokacin da aka buɗe layin, Naira 750 aka sa daga farko zuwa ƙarshe, gajerun zango kuma ƙasa da haka, sannan gwamnati ta yi rangwamen rabi na wani lokaci. Farashi yana canzawa, abin da aka liƙa a tasha ranar da ka je shi ne gaskiya. Kafin ka bar teburin ka ce a nuna maka abin da ke cikin katin, ka gani da idonka. Zuba kuɗin dawowa tun da safe yana raba ka da dogon layin yamma, lokacin da kowa ya gaji kowa na sauri.

Idan ku biyu ne ko uku, kowa ya riƙe nasa katin. Kada ka ce kai ne babba za ka riƙe wa kowa, don idan cunkoso ya raba ku, wanda ba shi da kati ya maƙale a ciki. Kada kuma ka lanƙwasa shi a aljihun wando ko ka huda shi don ka ɗaura a zare, a cikinsa akwai 'yar na'ura siririya da ke lalacewa.

Mataki na huɗu: hawa sama

A nan ne mutanenmu suka fi jin tsoro, kuma ban ga laifinsu ba. Hanya uku ce: matakala ta gini, matakala mai tafiya da kanta, da lifta.

Na taɓa raka kawuna, dattijo ɗan shekara 70 da ɗoriya, ya zo duba ɗiyarsa da ke aure a can. Da muka zo komawa daga Marina da La'asar sakaliya, muka iso gindin matakala mai tafiya, sai ya ja ya tsaya cak. Ya zuba mata ido, yana kallon yadda takun ke fitowa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, mutane na wuce mu ta dama da hagu.

Ya ce, "Ɗan nan, wannan abu ba ya tsayawa mutum ya hau?"

Na ce, "Ba ya tsayawa, Kawu. Amma idan kuna so ga lifta can, mu bi ta ita."

Ya girgiza kai. "Ina yaro na hau hasumiyar Gobarau har ƙoli. Nuna mini dai yadda ake yi."

Ga abin da na gaya masa, kuma shi nake gaya wa kowa. Ka fara tattara rigarka. Idan babbar riga ce, ka naɗe hannayenta biyu a kafaɗa, ka kama gabanta da hannun hagu ka ɗaga ta sama da idon sawu, don haƙoran matakalar da gefenta suna iya cafke yadi, kuma inji ba ya sakin abin da ya kama. Sannan ka ɗora hannun dama kan baƙar robar da ke gefe, wadda ita ma tafiya take yi daidai da takun. Hannu ne farko, ƙafa ta biyo baya. Kada ka tsaya zaɓen taku, duk ɗaya ne. Ka dubi wanda ke fitowa a shimfiɗe, ka taka tsakiyarsa, ba kan tsagar da ke tsakanin biyu ba, ka kawo ɗaya ƙafar nan take. Shi ke nan, ka tsaya kyam, ka bar ta ta yi aikinta. Kada ka jingina da bangon gefe, kada ka waiwaya ƙasa. Idan kun kusa ƙarshe za ka ga takun yana kwantawa, sai ka ɗaga ƙafa ka taka ƙasa mai tsayuwa, ka ci gaba da tafiya. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ake mantawa: kada ka tsaya a bakinta kana gyara hula, akwai mutane a bayanka da injin ke turowa, ba su da birki.

Kawu ya yi bisimilla ya taka. Na tsaya taku ɗaya a bayansa, tafin hannuna a gadon bayansa. Na ji jikinsa ya sandare na ɗan lokaci, yatsunsa sun damƙe robar har jijiyoyin hannunsa sun fito, can sai na ji ya saki numfashi. Da muka kai sama ya taka ya wuce kamar ya saba, ya juyo ya ce, "Ashe abin duka ke nan." Haka ake raka tsoho: idan hawa ne ka tsaya a bayansa, idan sauka ne ka tsaya a gabansa, yadda duk inda ya karkata kai zai tarar.

Yaro ƙarami a riƙe hannunsa ko a ɗauke shi, kada a bar shi ya zauna kan taku ko ya sa yatsa a gefe. Mai juna biyu, da mai ciwon gwiwa, da mai keken guragu, da wanda jiri ke ɗiba, lifta ce tasu, kuma babu kunya a tambaye ta. Idan ka tarar an kashe mai tafiyar, ka bi ta ginin a hankali, ka huta a tsakiya idan numfashi ya yi sama. Alhazan da suka hau jirgin Masha'ir, wanda tun 2010 yake jigila kan gada tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa da tashoshinsa tara, sun riga sun san wannan duka. Idan akwai irinsu a cikin tawagarku, ku sa shi gaba.

Mataki na biyar: ƙofar kati

A zauren tasha za ka tarar da jerin ƙananan ƙofofi, kowace mutum ɗaya take ɗauka. Ka fito da katinka tun kana cikin layi. Ka ɗora shi kan wurin da aka yi wa alama, ba a zura shi, ba a goga shi, ɗorawa kawai ake yi a ɗan dakata. Za ta yi ƙara ta buɗe, ka wuce kai tsaye. Idan ta ƙi, kada ka tura da ƙarfi, kada ka tsallaka, kada kuma ka manne a bayan wani ka bi shi. Ka koma gefe ka ɗaga wa ma'aikaci hannu. Galibi kuɗin ne ba su isa ba, ko ka haɗa katin da na banki a hannu ɗaya. Da ka wuce, ka mayar da shi aljihun da za ka tuna, don za a sake nemansa a wurin fita.

Mataki na shida: dakalin jira

Kafin ka taka matakalar ƙarshe, ka tabbatar da ɓangaren da kake. A Marina da Mile 2 abin da sauƙi, tunda nan layin ya ƙare, jirgi wuri ɗaya zai nufa. A tashoshin tsakiya kuwa akwai mai zuwa akwai mai dawowa. Allo yana nuna sunan tashar ƙarshe ne, ba sunan inda za ka sauka ba. Idan tsibiri za ka, ka bi Marina. Idan wajen gari za ka, ka bi Mile 2. Wanda bai iya karatun boko ba ya nuna wa ma'aikaci da baki, "Marina?" kawai ta isa. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ga maganar da nake roƙon kowa ya isar wa wanda bai karanta ba. Jirgin nan da lantarki yake tafiya, kuma wutar ba a waya take a sama ba. A ƙasa take, cikin wani dogo na uku da ke shimfiɗe a gefen biyun da ƙafafun jirgi ke bi. Ba ya ƙara, ba ya tartsatsi, ido ba ya bambanta shi da ƙarfen banza, amma wanda ya taɓa shi sai dai wani ba shi ba. Mu mun taso muna tsallaka layin dogo a Funtuwa da Kano da Zariya kamar muna tsallaka kwata, har awaki na kwana a kai. Wannan sabon ba irinsa ba ne. Idan wayarka ta faɗa, ko hularka, ko takalmin yaro, ko da damin kuɗi ne, kada ka sauka. Ka kira ma'aikaci. Haka nan a wajen tasha, inda dogon ya bi tsakiyar titi an katange shi, kada gajiya ta sa ka ce za ka yanke ta wata kafa. Gadar masu ƙafa ita ce hanya, komai tsawonta.

A bakin dakalin akwai layin da aka ja mai ruwan ɗorawa. Ka tsaya a bayansa har jirgi ya tsaya cik. Tashar sama iska gare ta, ga ta teku ga wadda jirgi ke turowa, tana iya ɗauke hula ko ta kaɗa mayafi, don haka ka danne hularka idan ka hango shi tafe. Yara a riƙe su gam. Kada ka tsaya ɗaukar hoto ka ba dogo baya.

Da farko sawu 12 kacal jirgin ke yi a rana, wata guda bayan nan aka mayar da shi 54, daga baya aka ƙara. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, idan ka iso ka tarar ƙofa na rufewa, ka ƙyale shi. Wani na tafe. Kada ka sa hannu ko jaka don ka tare ƙofa.

Mataki na bakwai: cikin tarago

Idan ƙofa ta buɗe, ka tsaya gefe masu fita su fita tukuna. Ka dubi ƙasa lokacin da za ka taka, akwai 'yar tazara tsakanin dakali da jirgi da ƙafar yaro ko sandar tsoho ke iya faɗawa. Ka shige ciki, kada ka toshe baki. Idan ka samu kujera, madalla. Idan babu, ka kama ƙarfe ko madaurin da ke rataye, ka ɗan ware ƙafafu, don tashinsa da tsayuwarsa suna da fizga. Jakar goyo ka juyo da ita gaba. Kuɗin sari su kasance a aljihun ciki, kada ka riƙa shafa wurin kana tabbatarwa, mai ido yana gani.

An hana ci da sha a ciki. Wannan ya haɗa da abin da mu ba ma ɗauka a matsayin ci: goro, gyaɗa, dabino, rake, ruwan leda. Mai cin goro ya haƙura na minti 20, kuma tofar da yawu ko a dakali ne kada a yi. Ba a talla. Idan ka ga dattijo ko mace mai goyo a tsaye, ka tashi, ko wace ƙabila ce. Wannan tarbiyyarmu ce tun daga gida, kuma na ga yadda take sauya fuskar mutane idan mai hula ya yi ta. Babu taragon mata daban da za ka nema, don haka idan da iyali kake, ka samar musu gefe ka tsaya ta bakinsu, ko ku kauce wa lokacin tafiya aiki da tashi daga aiki, wato sassafe da bayan La'asar zuwa Isha.

Idan ka samu taga, ka kalla. Tsakanin National Theatre da Marina jirgin yana tsallaka ruwa a kan gada. Za ka ga babban ɗakin wasannin da aka gina don bikin al'adun Afirka na FESTAC a 1977, mai siffar hular soja, ga jiragen ruwa ta wajen Apapa, ga motoci a ƙasa sun yi layi ba motsi. Kawu bai ce uffan ba har muka wuce ruwan, tasbihi kawai nake ji yana yi ƙasa-ƙasa. Mutumin da ya saba da fili da sararin Sahel, ganin gari daga sama haka yana taɓa zuciya.

Mataki na takwas: sauka da fita

Ana sanar da sunan kowace tasha, amma hayaniya kan danne muryar. Ka dogara da ƙirga. Daga Mile 2, tsayawa ta huɗu ita ce Marina. Idan an bar tashar da ke kafin taka, ka matso kusa da ƙofa. Idan ka wuce inda za ka sauka, kada hankalinka ya tashi, ka sauka a ta gaba ka gaya wa ma'aikaci, zai nuna maka ɓangaren komawa.

Ka bi jama'a zuwa matakala, ka sake ɗora katin a ƙofar fita. Sauka a matakala mai tafiya ta fi hawa ban tsoro, don idonka na kallon rami. Dokar dai ita ce ta ɗazu: riga a tattare, hannu kafin ƙafa, ka dubi bayan wanda ke gabanka maimakon ƙasa.

Kafin ka bar ginin ka yi abu biyu. Ka tambayi lokacin jirgin ƙarshe na ranar, ka rubuta a waya. Sannan ka tsaya ka dubi ƙofar da ka fito, ka riƙe wata alama, dogon gini ko allon talla, don da yamma idan gari ya cika duk kusurwa kama take yi da 'yar'uwarta. A tashoshin da ke tsakiyar titi ka kula da ɓangaren da za ka sauka, don gadar tana da baki biyu, idan ka sauka a wanda ba naka ba sai ka sake hawa.

Daga Marina zuwa kasuwannin Balogun da Idumota tafiyar ƙafa ce mai ɗan tsawo, mai ƙarfi zai taka, wanda ya gaji ya nemi mota. Kada ka sa ran acaba, tun watan Yunin 2022 aka hana su a ƙananan hukumomi da dama har da Tsibirin Legas. Babban Masallacin Legas yana kan titin Nnamdi Azikiwe, a tsakiyar kasuwannin, nan za ka yi Azahar, kuma a harabarsa ba za ka rasa wanda zai amsa maka sallama da Hausa ba. Idan ka gama ciniki, ka ga an yi lodin kayanka, ka karɓi takarda, ka yi ƙoƙari ka koma tasha kafin ma'aikata su taso.

Katin kuma kada ka yar da shi don ka dawo gida. Kuɗin da suka rage suna nan a ciki. Nawa yana cikin durowar rumfa tare da rasit, duk yaron da zan aika Ikko shi nake miƙa masa, in zaunar da shi ya karanto mini tashoshin nan biyar a jere, sannan in tambaye shi wace Alaba ce ba a sauka.